FASHIN BAƘI: Yadda filin da aka bari fayau a kan takarda ke iya sauya sakamakon zaɓe

A ranar 7 ga Nuwamba, 2000, masu zaɓe a gundumar Palm Beach da ke jihar Florida ta Amurka suka tarar da takardar ƙuri'a mai shafi biyu, a buɗe kamar littafi. An raba sunayen 'yan takarar shugaban ƙasa gida biyu, wasu a shafin hagu, wasu a na dama, ramukan da mai zaɓe zai huda kuma suna jere a layi ɗaya a tsakiya. Sunan Al Gore ne na biyu a shafin hagu, amma raminsa shi ne na uku. Rami na biyu na Pat Buchanan ne, wanda sunansa ke can shafin dama.

Da aka ƙirga, Buchanan ya samu ƙuri'a 3,407 a gundumar da aka san ta da goyon bayan jam'iyyar Gore. Shi kansa Buchanan ya fito ya ce akasarin ƙuri'un nan ba don shi aka kaɗa su ba. Ban da wannan, an soke takardu kusan 19,000 saboda an huda rami fiye da ɗaya. A ƙarshe George W. Bush ya lashe Florida da ratar ƙuri'a 537, kuma da wannan jihar ya zama shugaban Amurka. Wani bincike da masana kimiyyar siyasa suka buga a 2001 ya gano cewa fiye da mutum 2,000 da suka yi niyyar zaɓen Gore ne suka zaɓi Buchanan bisa kuskure.

Babu wanda ya saci akwati a Palm Beach. Jami'ar zaɓen gundumar tana da 'yan takara 10 da za ta jera, ta kuma so haruffa su yi girma don tsofaffi su karanta ba tare da wahala ba. Girman haruffan ya cinye wurin, sunayen suka malala zuwa shafi na biyu, ramukan suka matse da juna. Niyya mai kyau ce ta gamu da rabon fili mara kyau.

Wannan labari ne ya sa batun da ake ɗauka na masu zane da masu ɗab'i kaɗai ya zama batun siyasa: nawa ne za a bari babu komai a kan takarda, a kan fasta ko a fuskar waya, kuma a ina za a bar shi?

Mene ne farin fili?

Masu tsara shafi suna kiran duk wurin da ba a sa rubutu ko hoto ba da sunan farin fili, ko da launinsa kore ne ko baƙi. Ya ƙunshi gefen takarda, da tazarar da ke tsakanin layi da layi, da ratar da ke tsakanin hoto da bayaninsa, har da ɗan sararin da ke raba kalma da 'yar'uwarta.

Ana kasa shi gida biyu. Akwai ƙaramin fili, wato wanda ke tsakanin haruffa, kalmomi da layuka. Shi ne ke sa rubutu ya karantu. Akwai kuma babban fili, wanda ke kewaye da kanun labari ko hoto ko wani sashe guda. Aikinsa shi ne nuna wa ido inda zai fara sauka, da abubuwan da ke tafiya tare.

Ko ratar da ke tsakanin kalmomi, wadda yau ba wanda ke lura da ita, sai da aka ƙirƙire ta. Tsofaffin littattafan Girkanci da na Latin an rubuta su ne haruffa a manne, ba rata, mai karatu kan ɗaga murya ya lalubo inda kalma ta ƙare. Marubutan Ireland ne, tun wajen ƙarni na 7, suka yawaita raba kalmomi domin Latin ba harshensu ba ne, daga nan ɗabi'ar ta bazu a Turai.

A wannan yanki ma dabarar ta daɗe. Tsofaffin rubutattun Alƙur'anai na Borno, waɗanda wasunsu suka kai ƙarni na 17, an rubuta su da rata mai faɗi tsakanin layuka da kuma gefe wadatacce. A cikin wannan fili ne malamai suka riƙa sa fassarar kalmomi da tsohon harshen Kanembu, da sharhi na Larabci. Marubucin ya san cewa akwai wanda zai zo bayansa, don haka ya bar masa wuri. Takarda a wancan zamani daga nesa ake kawo ta, da tsada, amma duk da haka ba a ɗauki wannan fili asara ba.

Abin da ido ke yi da shi

Dalilin tasirin fili yana cikin halittar ido. Ido ba ya ganin shafi gaba ɗaya tar a lokaci guda. Wurin da yake gani sarai bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Sauran duk dishi-dishi ne. Saboda haka ido ke tsalle daga nan zuwa can, sau uku ko huɗu a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma da abin da ya hango dishi-dishi a gefe yake yanke shawarar inda zai dira na gaba.

A 1970 wani masani ɗan ƙasar Holland, Herman Bouma, ya nuna cewa harafin da mutum ke iya ganewa ta gefen ido idan yana tsaye shi kaɗai, yakan gagara ganewa da zarar an matso da wasu haruffa kusa da shi. Girman harafin bai sauya ba, cunkoso ne ya ɓatar da shi. Ma'anar wannan ga mai tsara shafi ita ce, ƙara wa abu girma ba shi kaɗai ne ke fito da shi ba. Janye maƙwabtansa daga jikinsa yakan fi aiki.

Tun kafin nan, a 1923, masanin halayyar ɗan'adam Max Wertheimer na Jamus ya bayyana wata ƙa'ida da ɗigogi kawai. Idan aka jera ɗigogi da rata iri ɗaya, ido yana ganin layi guda. Idan aka matso da su bibbiyu, nan take sai ya ga tagwaye. Abubuwan da ke kusa da juna, ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsu 'yan gida ɗaya tun kafin mutum ya karanta ko kalma ɗaya.

Florida ta sake ba da misalin wannan ƙa'ida a 2018. A gundumar Broward, an sa gurbin zaɓen sanata a can ƙasan kusurwar hagu, a ƙarƙashin dogon jerin umarni da aka rubuta cikin harsuna uku. Ga wanda ke sauri, gurbin ya yi kama da ci gaban umarnin, sai ido ya tsallake zuwa saman layi na biyu inda zaɓen gwamna yake. Ƙuri'un sanata a gundumar sun gaza na gwamna da kusan 25,000. Ratar da ta raba Rick Scott da Bill Nelson a duk faɗin jihar kuwa 10,033 ce.

Takardar ƙuri'ar Najeriya

A Najeriya ba sunan ɗan takara ko hotonsa ake bugawa a takardar ƙuri'a ba. Tambarin jam'iyya ne da gajeren sunanta, sai akwatin da za a dangwala yatsa. Wannan akwati shi ne farin fili mafi daraja a duk harkar zaɓe, domin a cikinsa ne niyyar mai zaɓe ke zama ƙuri'a.

Dangwalen yatsa ya fi alamar biro cin wuri. Tawada tana yaɗuwa, hannun tsoho yana rawa, idan kuma aka naɗe takardar tawada ba ta bushe ba, tana iya shafar wani akwatin. Kamfanonin waya sun san wannan matsala ta faɗin yatsa. Apple ya shawarci masu ƙera manhaja da kada maɓallin da za a taɓa ya gaza ma'auni 44 a tsaye da 44 a kwance, don kada yatsa ya danna maƙwabcinsa. A waya, wanda ya yi kuskure yana iya komawa baya. A rumfar zaɓe dama ɗaya ce.

Alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC na zaɓukan shugaban ƙasa uku sun isa a tsaya a duba. A 2015, da 'yan takara 14, ƙuri'un da aka soke 844,519 ne, wato ƙasa kaɗan da kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka kaɗa. A 2019, lokacin da jam'iyyu 91 ke da rajista kuma 73 daga cikinsu suka tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, adadin ya haura zuwa 1,289,607, kimanin kashi 4.5. A watan Fabrairun 2020 hukumar ta soke rajistar jam'iyyu 74. A 2023, da jam'iyyu 18 a kan takarda, waɗanda aka soke suka sauko zuwa 939,278, kimanin kashi 3.8.

Ƙuri'a tana lalacewa saboda dalilai da yawa: ƙarancin wayar da kai, rashin ingancin tawada, gaggawa, har da masu ɓata takardarsu da gangan don nuna fushi. Don haka ba za a ɗora komai a kan tsarin takarda ba. Amma shekarar da tambura 73 suka yi cincirindo a takarda guda, wasunsu masu gajerun sunaye da ke kama da juna, ita ce shekarar da aka fi asarar ƙuri'u a cikin ukun. Ko a 2023 da abin ya ragu, mutanen da suka bi layi suka dangwala amma ba a ƙirga da su ba sun kusa miliyan ɗaya.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne sai ya tuna zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, inda Aminu Waziri Tambuwal ya yi nasara da ratar ƙuri'a 342 kacal. A takara irin wannan, faɗin akwatin dangwale da kaurin layin da ya raba jam'iyya da jam'iyya suna iya zama masu raba gardama.

Tuta, talla da fasta

Akwai darasi a tutar Najeriya kanta. A gasar da aka yi a 1959, zanen Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan a lokacin, shi ne ya yi nasara. Zanen da ya aika yana ɗauke da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore, fari, kore. Tutar da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960 ta zama wadda ɗan firamare zai zana cikin minti ɗaya, kuma a gane ta daga nesa ko iska na kaɗa ta. Abin da aka cire ne ya ba ta wannan sauƙi.

A shekarar 1959 ɗin dai, kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach a New York ya fitar da tallar motar Volkswagen da ta sauya salon talla a Amurka. A lokacin da tallace-tallacen mota ke cike da manyan hotuna masu launi, wannan talla ta sa 'yar ƙaramar mota a kusurwar sama, ta bar kusan duk shafin fari, sai ɗan rubutu a ƙasa. Mai buɗe mujalla ba shi da wani wurin da zai kalla sai motar. Haka nan tambarin FedEx da Lindon Leader ya zana a 1994: tsakanin harafin E da x akwai kibiya mai nuna gaba, wadda ba a zana ta da tawada ba. Filin da haruffan biyu suka bari ne ya haife ta.

A kwatanta wannan da fastar da aka saba gani a bangon gadoji da shataletale a lokacin yaƙin neman zaɓe. Ga hoton ɗan takara, ga na mataimakinsa, ga ɗan takarar shugaban ƙasa a sama, ga gwamna, ga jagoran tafiya, ga wanda ya ɗauki nauyin bugawa a ƙasa da cikakken muƙaminsa. Sai tambarin jam'iyya, da taken tafiya, da addu'a, da sunan ƙungiyar matasan da ta liƙa. Mai wucewa a kan babur ko a cikin adaidaita-sahu ba ya samun abin da ya wuce ƙiftawa biyu ko uku. Idan aka tambaye shi wane ne ke takara kuma wace kujera yake nema, da wuya ya ba da amsa. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Kuskure ne a ɗauka cewa masu zana waɗannan fastoci ba su iya aikinsu ba. Da yawansu sun san abin da ya dace. Matsalar ita ce fastar tana hidima ga iyayengiji biyu. A zahiri don mai zaɓe aka buga ta, amma a baɗini saƙo ce zuwa ga manya. Kowace fuska da ke kanta bashi ne ake biya ko biyayya ake nunawa, kuma cire hoton wani jigo yana iya zama laifin da ba za a yafe ba. Ga kuma lissafin wanda ya biya kuɗin ɗab'i: tunda ya sayi takarda gaba ɗayanta, yana ganin duk inda aka bari fari kuɗinsa ne ya tafi a banza. Saboda haka cunkoson fasta yakan faɗi gaskiya game da ɗan takara fiye da taken da aka rubuta a kai. Yana nuna yawan mutanen da dole ya faranta wa rai kafin ya iso ga mai zaɓe.

Wannan ɗabi'a ta bi matasa zuwa waya. Sanarwar taro, kiran zuwa karɓar katin zaɓe, taƙaitaccen kasafin kuɗi, duk yanzu a hoto guda ake tura su ta WhatsApp, Facebook da X. Fuskar waya ƙarama ce, manhajojin kuma suna matse hoto don rage cin data, abin da ke sa ƙananan haruffa su dagule. Hoton da aka cusa masa sakin layi uku, da tambura biyar, da lambobin waya huɗu, yakan isa ga mutum na goma ba ya karantuwa. Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne kwanan wata da sunan majiya, tunda su ake turawa can gefe da ƙananan haruffa. Hoton da ya rasa waɗannan biyu kuwa ya zama kayan aikin masu yaɗa ƙarya, domin ana iya dawo da shi bayan shekara biyu a ce na jiya ne.

Inda fili ke zama haɗari

Barin fili ba alheri ba ne a ko'ina. Akwai takardun da gurbin da aka bari a cikinsu ƙofa ce ga maguɗi. Duk wanda ya taɓa rubuta cekin banki ya san ana jan layi bayan adadin kuɗi don kada wani ya ƙara sifili. Takardar sakamakon rumfar zaɓe, wato fom EC8A, tana da gurbin rubuta ƙuri'un kowace jam'iyya da lambobi da kuma kalmomi saboda wannan dalili. Gurbin da aka bari fayau a gaban jam'iyyar da ba ta samu komai ba, ko sararin da ya rage a gaban lamba, wuri ne da wani alƙalami zai iya shiga daga baya. Wakilin jam'iyya mai lura yakan tabbatar an rubuta sifili ko an ja layi a duk gurbin da ba a cike ba kafin ya sa hannu. A takardar ƙuri'a, fili yana kare niyyar mai zaɓe. A takardar sakamako, rufe fili ne ke kare ta.

Ana kuma iya amfani da fili wajen yaudara. Manhajar ba da rance tana iya sa adadin kuɗin da za a karɓa da manyan lambobi a tsakiyar sarari mai faɗi, da maɓallin amincewa shi kaɗai a ƙasa, sannan ta tura kuɗin ruwa da tarar jinkiri zuwa wani lungu cikin ƙananan haruffa masu dusashewa. Dabarar da ke jan ido zuwa ga abu ita ce dai ke kawar da shi daga wani. Shafi mai tsabta yana sa mutum ya saki jiki, don haka tambayar da ta kamaci mai karatu ita ce: me aka ware aka ba shi sarari, me kuma aka tura gefe?

Sannan ba kowane cikakken shafi ne ke da cunkoso ba. Aikin aska takwas a gaban babbar riga cike yake da zare, haka zayyanar allo, haka adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Amma a cikinsu akwai tsari da maimaici, kuma sauran jikin rigar da aka bari ba ado shi ke fito da aikin ƙirjin. Jadawalin sakamakon zaɓe na ƙananan hukumomi 44 na Kano ma dole ya cika da lambobi. Abin da ake buƙata a nan shi ne rata daidai-wa-daida tsakanin layuka, yadda ido ba zai zame daga sakamakon wata ƙaramar hukuma zuwa na maƙwabciyarta ba. Yawan filin da ya dace ya danganta da wanda zai duba, da tsawon lokacin da yake da shi, da abin da kuskurensa zai jawo.

Lokacin da fili ya zama magana

Akwai lokutan da filin kansa ne saƙon. Bayan gwamnatin fararen fata ta Rhodesia, wato Zimbabwe ta yau, ta ayyana ɓallewa daga Birtaniya a 1965 ta kuma kafa tace labarai, jaridun ƙasar suka riƙa barin farin gurbi a duk inda aka cire labari, don mai karatu ya ga girman abin da aka hana shi. A Indiya, kwanaki kaɗan bayan gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, jaridar Indian Express ta fito ranar 28 ga Yuni, 1975 da gurbin ra'ayin jarida babu ko harafi. Ranar 11 ga Oktoba, 2018, jaridar An-Nahar ta Labanon ta buga shafukanta duka farare don nuna takaici kan watannin da ƙasar ta shafe ba a kafa gwamnati ba.

A China, bayan gobarar da ta kashe mutum 10 a wani bene a birnin Urumqi ranar 24 ga Nuwamba, 2022, matasa a Shanghai, Beijing da jami'o'i da dama suka fito riƙe da fararen takardu da ba a rubuta komai a kai ba, suna adawa da tsauraran dokokin kullen korona. Ba kalmar da za a kafa hujja da ita a kansu, amma kowa ya fahimci abin da ake nufi. A farkon Disamba gwamnati ta sassauta dokokin.

Abin da ya ba waɗannan fararen shafuka ƙarfi shi ne mai kallo yana tsammanin ganin rubutu a wurin. Gurbin ra'ayin jarida yana da ma'ana idan ya zo fari ne domin kullum a cike yake. Haka abin yake a kowane zane: fili yana aiki ne gwargwadon abin da ke kewaye da shi.

Abin da za a iya yi

Ga matashin da ke tsara sanarwa ko fasta, 'yan matakai kaɗan suna kawo bambanci mai yawa. Na farko, ya yanke shawarar abu ɗaya da yake so a gani kafin komai, ko suna, ko rana, ko lamba, ya ba shi sarari mafi faɗi. Na biyu, ya matso da abubuwan da ke tafiya tare, kamar rana da lokaci da wurin taro, ya kuma nisanta su da sauran, ta yadda ratar da ke cikin rukuni za ta gaza wadda ke tsakanin rukuni da rukuni. Na uku, ya bar gefe ta kowane ɓangare, domin manhajoji suna yanke bakin hoto, injin ɗab'i ma haka. Na huɗu, idan wuri ya ƙare, ya rage kalmomi maimakon ya ƙanƙanta haruffa. Kwanan wata da sunan majiya kuwa a ba su wurinsu na kansu. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: a nuna wa wanda bai san zancen ba hoton a ƙaramar waya na ɗan lokaci, a kife ta, a tambaye shi abin da ya gani.

Ga hukumomin zaɓe, abin ya wuce shawara. Bayan ruɗanin 2000, hukumar taimaka wa harkar zaɓe ta Amurka ta fitar da jagorar tsara takardun ƙuri'a a 2007 tare da ƙungiyar ƙwararrun masu zane ta AIGA, cibiyar Brennan kuma ta buga rahoto a 2008 kan kurakuran tsari da ke jawo asarar ƙuri'u. Abin da ya faru a Broward bayan shekara goma ya nuna cewa jagora ba ta da amfani idan ba a bi ta ba.

A Najeriya, Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi cewa INEC ta gayyaci jam'iyyu su duba yadda alamarsu ta fito a samfurin kayan zaɓe aƙalla kwana 20 kafin ranar zaɓe. Wannan dubawa tana amsa tambaya ɗaya ce kawai: ko tambarin jam'iyya yana nan kuma daidai yake. Ba ta amsa ko dattijuwar da ba ta yi boko ba, ko mai raunin gani, ko manomi mai kaurin yatsa, za su iya dangwalawa ba tare da tawada ta tsallaka layi ba. Wannan sai an gwada samfurin a hannun irin waɗannan mutane kafin a buga miliyoyinsa.

Ƙungiyoyin matasa da masu sa ido kan zaɓe suna da tambayoyin da za su iya miƙa wa hukumar tun da sauran lokaci. Nawa ne faɗi da tsawon akwatin dangwale? Me ya raba shi da na jam'iyyar da ke sama da ta ƙasa? Idan yawan jam'iyyu ya ƙaru, takardar za a tsawaita ko akwatunan za a matse? Da wa aka gwada samfurin, kuma me gwajin ya nuna? Sannan, za a fitar da dalilan soke ƙuri'u dalla-dalla, jiha-jiha, don a san nawa ne suka lalace saboda tawada ta shiga akwati biyu? Amsar waɗannan ba ta buƙatar gyaran kundin tsarin mulki. Shawara ce da ake yankewa a ofis, watanni kafin zaɓe, lokacin da ake tsara takardar da za a kai gidan ɗab'i.